A je a naɗi gatanar tsofaffinmu tun suna da rai

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira. Ni malamin firamare ne a Gusau, asalina kuma wani ɗan ƙauye ne tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi wanda yanzu ba kowa a cikinsa sai kangaye. Don Allah a ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan tatsuniya, ko gatana kamar yadda tsofaffinmu na nan suke ce mata. Na san wani zai ce mutanen da ake sacewa ana kashewa ina su ina zancen Gizo da Ƙoƙi, to ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, don daga cikin wannan masifar maganar tawa ta fito.

Abin da ya sa na rubuto shi ne goggona ta rasu watan jiya, yayar mahaifina, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Da aka share makoki na zauna ina duba wayata sai na ga gatana goma sha ɗaya kacal na naɗa daga bakinta, matar da wallahi muna yara sai ta yi wata guda cur kullum dare da sabuwa ba ta maimaita ba. Goma sha ɗaya. Sauran duk an binne su tare da ita, kuma kullum cewa nake sai an yi hutun makaranta zan zauna da ita, sai na sayi memori mai girma, har ciwo ya kwantar da ita muryar ta tafi.

A daminar 2021 ta zo wurina. An shiga garinmu da dare aka tafi da mutane, cikinsu har da ɗanta, ƙanena ke nan, aka kore dabbobi aka sa wa rumbuna wuta. Ta iso Gusau a bayan wata motar itace da jikoki uku da ƙullin kaya ɗaya. Babban cikinsu yaro ne ɗan shekara bakwai a lokacin, kuma yaron nan ya zo ba ya magana, sai dai ya ɗaga kai ko ya girgiza, in ya ji ƙarar babur a layinmu sai ya shige ƙarƙashin gado, da dare ya farka da ihu ya jiƙe shimfiɗa. Mun kai shi asibiti, an yi masa rubutu ya sha, mun yi addu'a iyakar iyawarmu. Ita ma goggon shiru ta yi, ta wuni a bakin ƙofar ɗaki da carbi tana kallon katanga.

Sai ga watan Satumba na shekarar, aka datse sabis ɗin waya a duk jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka, duk wanda ke jihar nan bai manta ba. Mu a Gusau mun yi wajen wata guda ba kira ba intanet, mutanen karkara kuwa sun fi mu daɗewa. An sha wahala sosai ba na musu, mutum sai ya yi tafiya zuwa Funtua ko wani gari na wajen jiha don kawai ya kira ɗan'uwansa. Amma a gidana wani abu ya faru, ba data ba kallon bidiyo, ga Nefa ba ta kawo wuta, sai yarana da nata jikokin suka koma zama a tsakar gida bayan isha'i ba abin yi. Wani dare 'yata ƙarama ta dame ta da rigima, sai kawai muka ji tsohuwa ta gyara murya ta ce ga ta nan ga ta nanku. Yarana suka yi tsuru-tsuru don ba su san amsa ba, 'ya'yan malamin Hausa fa, abin ya yi mini ciwo. Ni da uwarsu muka amsa daga ɗaki, ta zo mu ji ta.

Ta fara da ta Gizo da hankaki, wadda ya ari fukafukai suka tafi cin ɓaure a tsakiyar kogi, duk wanda tsuntsu ya nufa sai Gizo ya ce shi ya riga gani, har suka ji haushi kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan itace ya faɗo ruwa. Tana yin muryar Gizo da tsamin bakin nan nasa, ruwa ya koma yuwa, yara suna ta faɗuwa don dariya. Washegari tun kafin a kira sallah suna tambaya ko yau ma akwai.

A dare na huɗu ko na biyar ne ta yi ta duman nan mai cin mutane. Masu karatu da yawa sun san ta ko da da wani fasali daban, yarinya ta ga ɗan duma ta ce sai an tsinko mata, uwa ta hana uba ya sa aka tsinko, duma ya dinga bin ta yana cewa "nama nika ci Hurera, nama nika ci". Aka ba shi awaki ya haɗiye, aka ba shi tumaki ya haɗiye, shanu, raƙuma, har ya koma kan mutane ya lamushe gari kaf, yana ta girma, ba abin da ya rage sai yarinya da ragon layyar babanta. Rago ya ja da baya ya tunkuyi duma, duma ya fashe, sai ga jama'a suna fitowa da ransu da shanunsu da awakinsu kowa ya nufi gidansa. Tana kawowa nan sai muka ji wata murya daga kusurwa, yaron nan ne da ya yi wata biyu ba mu ji bakinsa ba, ya ce "Goggo, har da Baba ya hito?" Tsakar gidan ta yi tsit. Tsohuwa ta ɗan jima sannan ta ce "ɗana, a cikin gatana kowa ya hito. Babanka kuwa Allah muka roƙo Shi hiddo muna shi." Ya matso ya kwanta a cinyarta ya ce ta sake. Sau uku ta yi ta a daren.

Ba zan ce tatsuniya ta warkar da shi ba, ya ɗauki fiye da shekara kafin ya daina farkawa da dare, kuma mahaifinsa har yau da nake rubutun nan bai dawo ba. Amma ta wannan ƙofar maganarsa ta fito, a gabana aka yi. Da na zauna na yi tunani sai na ga ai dama aikinta ke nan tun kaka da kakanni. Yaro ba ya iya cewa ina jin tsoron a zo a ɗauke ni kamar yadda aka ɗauke babana, bakinsa bai kai nan ba, amma yana iya jin labarin Dodo yana maƙale da zanen kakarsa, gabansa ya faɗi, a yi waƙa ya amsa, a ƙarshe Auta ɗan ƙarami da kowa ya raina ya yi dabara ya kuɓutar da yayyensa, a ce ƙurunƙus, ya yi barci. Tsoron ya samu suna ya samu ƙarshe, kuma ba shi kaɗai ya ji shi ba, da shi da 'yan'uwansa suka ji a kan tabarma ɗaya. Iyayenmu sun ga yunwa sun ga fari sun ga annoba, kakanninsu sun ga yaƙi da hari, kuma ba su da wani likitan ƙwaƙwalwa a ƙauye, abin da suke da shi ke nan bayan addu'a.

Abin da nake so jama'a su lura da shi, a wurinmu ba waya da talabijin kaɗai suka kashe gatana ba kamar yadda ake ta faɗa. Gatana abar dare ce, shi ya sa ake tsorata yara cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata, hikimar dai kada a bar aiki a zauna hira. To daren ne aka ƙwace mana. Ƙauyen da mutane ke kwana a cikin gero ko a kan itace saboda tsoro wa zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina dandali ina gaɗa ina langa a farin wata, yau farin wata ma fargaba yake kawowa. Sannan gidan gandu da ya haɗa kaka da jikoki ashirin ya tarwatse, wannan yana Gusau a kangon da ba a gama ginawa ba, wancan yana Anka, wata tana Ƙaura tana wanke-wanke a gidan mutane, tsohuwar da ya kamata a ce tana zaune jikoki sun kewaye ta tana bakin titi da roba tana bara. Wadda ta wuni a rana tana neman abin da za a sa a baki, da dare ba ta da ƙarfin yin muryar Gizo.

Kuma abin da ke tafiya ya wuce labarin kansa. A aji na taɓa karanta wa 'yan aji biyar tatsuniyar 'yar Bora da aka tura wanki ruwan Bagaja, sai na ga rabin lokacin ya tafi a bayanin kalmomi, mene ne ƙirgi, mene ne masaki, mene ne akushi. Na tambaye su wa ya taɓa ganin itacen ɗinya ko taura ko kaɗanya, hannu uku aka ɗaga, su ma 'yan gudun hijira ne. A cikin gatana ne yaro ke jin sussuka da shiƙa da kaɗi da mazari, ya ji yadda ake sallama a gidan da ba a san ka ba, ya ji cewa in ka tarar da abin mamaki, kamar cinya da kare suna zaune a bukka suna ba ka ƙwayar shinkafa ɗaya ka dafa, ba ka dariya ba ka raini, ka yi abin da aka ce. 'Yar Bora ta yi ladabi ta komo da dukiya, 'yar Mowa ta yi rashin kunya ta komo da abin kunya, ba wanda ya tsaya ya yi wa yaro lacca amma ya gane. Ni dai ban taɓa ganin darasin tarbiyya a allo da ya zauna a kan yaro kamar wannan ba, shekarata goma sha tara ina koyarwa.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da nake so in faɗa a hankali. A gatanar goggo akwai Bafillatana mai tallan nono da ke shigowa gari, akwai ruga a bayan gari, akwai yaron da ya ɓata makiyayi ya tsince shi. In ta gama sai ta ɗora da labarin gaske, yadda bayan an cire amfanin gona mahaifinsu ke roƙon Fulani su sauka a gonarsa don taki, a ba su dame su ba da nono da mai, yadda kowa ya san burtali ya san mashaya ba ya noma su, yadda ƙawarta ta ruga ta yi mata gudummawa ranar aurenta. Jikokinta ba su ga wannan zamanin ba, abin da suka gani mutum da bindiga a kan babur, kuma na tabbata a can rugage ma akwai yaran da ba su san komai game da mu ba sai ranar da aka ƙone musu bukka aka kashe nasu ba da haƙƙi ba. In Allah Ya kawo ƙarshen wannan fitina, kuma zai kawo, yaran nan ne za su zauna da juna, to da wane tunani za su zauna in ba wanda ya taɓa gaya musu an taɓa zaman lafiya kuma ga yadda aka yi shi. Waɗanda suka san wannan da idonsu su ne tsofaffin nan da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a garuruwan da ba nasu ba.

Na san wasu malamai na ganin tatsuniya ƙarya ce da ɓata lokaci, wani abokina ma ya faɗa mini haka ido da ido. Ina girmama su, amma mai gatana ba ta taɓa cewa gaskiya take faɗa ba, da bakinta take rufewa da ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, yaro ɗan shekara huɗu ma ya san kura ba ta magana. Misali ne ake bugawa. Goggona ba ta fara gatana sai an yi isha'i yara sun yi tilawa, kuma daga bakinta na fara jin ƙissar Annabi Yusufu, ta kuma bambance mana sarai wannan ƙissa ce wannan gatana ce. A ƙasar nan tamu ma ai ta hannun tsofaffin mata Nana Asma'u 'yar Shehu ta isar da karatu ƙauyuka, jajis, wato matan da ta naɗa jagorori, suna haddace waƙoƙi suna kai wa 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu, ta san cewa abin da ya shiga ta bakin uwa da kaka shi ke zama. Ban ce duk abin da ke cikin tatsuniya mai kyau ba ne, akwai waɗanda ke yi wa makafi da kutare dariya, akwai masu zagin wata ƙabila, akwai masu nuna kishiya kullum muguwa ce, waɗannan ni ba na yi wa yarana su, in sun ji a wani wuri kuma mukan tattauna. Mai ba da gatana dama tana da ikon gyarawa, kowace tsohuwa da irin nata zubin.

Wani zai ce ai an rubuta su a littattafai. E an rubuta wasu. Tun 1911 zuwa 1913 wani Bature Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i uku, tushensa takardun ajami ne da Burdon Razdan na Sakkwato ya tara ya ba shi, lokacin mu ma muna ƙarƙashin lardin Sakkwato. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Tatsuniyoyi da Wasanni da da yawanmu muka karanta a firamare, Allah Ya saka masa. Amma ku duba, maza ne suka riƙe alƙalamin alhali masu abin mata ne, kuma takarda ba ta ɗaukar karin waƙa, ba ta ɗaukar yadda tsohuwa ke rage murya in Dodo ya kusa, ba ta ɗaukar Zamfarcinmu, sai a mayar da shi daidaitacciyar Hausa "nika ci" ya koma "nake ci" ɗanɗanon ya tafi. Bayan haka akwai labaran da na gari ɗaya ne kawai, na wani dutse ko wata fadama ko rijiya, irin abin da mutanen Kwatarkwashi ke faɗa a kan dutsensu da kamun maiki, ko abin da ake faɗa a kan sarauniya 'Yargoje, ko Kabawa a kan Kanta da ganuwar Surame. Waɗannan manya ne an san su. Ƙananan ƙauyuka ɗaruruwa da aka tasa fa, kowanne da nasa, wa ya rubuta?

Don haka ga roƙona. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, da ta jiha a Talata Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Maru, da kwalejin horar da malamai mata a Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta daɗe tana nazarin Hausa. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta furojet a kai, ga shi nan a bakin ƙofarsu, ba sai sun shiga daji ba don dajin ya taso ya zo gari. A tura su, musamman ɗalibai mata don tsohuwa ta fi sakin jiki da mace, su zauna da iyayen nan su naɗi murya da waya, a rubuta garin da ta fito da wanda ta koya a wurinsa. Kuma don girman Allah kada a je hannu rabbana, a riƙa mata ɗan hatsi ko sabulu ko kuɗin cefane, ilimi ne take bayarwa, a nemi izininta kafin a sa muryarta a ko'ina. Na ga yadda goggo ta canja da yaran layinmu suka fara taruwa a gidana saboda ita, matar da ke cewa ta zama kaya a wuyanmu sai ga ta tana sa a wanke mata zane tun la'asar wai tana da baƙi da dare. Ita ma magani ne a gare ta.

Gidajen rediyonmu na Gusau da Birnin Kebbi su ware ko minti ashirin ne bayan isha'i, a sa tsohuwa da kanta ta yi da harshenta da yara a gabanta suna amsawa, kada a ba wani ma'aikaci ya karanto daga takarda. Rediyo har yanzu tana kaiwa inda mota ba ta zuwa. Mu malamai kuma kada mu jira a sa mana a manhaja, ni ranar Alhamis nakan ba da minti goma sha biyar na ƙarshe yaro ya kawo wadda ya jiyo a gida, kuma abin da na lura yaran gudun hijira da ke zama a bayan aji ba sa ɗaga hannu a lissafi ko Turanci, ranar nan su ne gaba, 'yan birni ke saurarensu. Masu kuɗin data kuma da ke wuni a Facebook da TikTok, wanda duk ke da kaka ko goggo ko inna da rai ya je yau ya danna rakodin, kada ya yi irin jinkirina.

Daren jiya na kunna wa yara ɗaya daga cikin goma sha ɗayan nan, muka ji muryarta har da tarin da take yi a tsakiya, uwarsu ta tashi ta shige ɗaki. Da ta ƙare sai suka koma kacici-kacici kamar yadda ta saba yi musu, 'yata ta ce shanun gidanmu dubu maɗaurinsu ɗaya, yaron nan ya yi ta tunani bai gano tsintsiya ba ce, aka ce to ya ba da gari. Ta ce garinsu take so. Ya ce a'a, ta ɗauki Gusau, ta ɗauki Ƙaura, in tana so ta haɗa da Kano, amma garinsu ba zai bayar ba don in Baba ya dawo can za su koma.

Na gode Malam Edita, Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.

Naku,
Wani malamin firamare, Gusau, Jihar Zamfara.